Ranar da motata ta gaza a Gazawa

Labarin da na zo muku da shi yau na tsohuwar mota ne, da tsohon makanisiye, da wani yaro aparanti wanda ko gemu bai fara ba. Ni dai malamin lakwal ne, na yi shekara 34 ina riƙe da alli kafin in huta, ban taɓa koyon aikin garaji ba. Amma na biya kuɗɗin wanga karatu da tsada, shi ya sa na ga bai dace in binne shi cikin cikina ba, alhali kusan kowace unguwa ta Maraɗi akwai mai irin motata, wanda za ka tarar da shi da rana tsaka yana murza makulli yana salati.

Motar tawa Peugeot 406 ce, ƙirar shekara ta 1997. Na saye ta cikin 2008, bayan ta gama bautar wani Bature a ƙasarsu, aka sauke ta a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, ta biyo hanyar Paraku da Malanbil, ta ƙetare gadar Gaya, ta faɗo hannun dillalai. Kafin ita 504 gare ni, irin wadda masana'antar Kaduna ta daɗe tana harhaɗawa tun daga 1975. Duk wanda ya riƙe 504 mai karbiratar ya san halinta. In ta ƙi tashi sai a buɗe kapo, a hura jikilar da baki, a kankare buji, a ɗiga mata isansi a maƙogwaro. In ta ci gaba da gardama a kira yaran unguwa su tura, a sa giya ta biyu a saki ƙafa, ta yi tari sau biyu ta kama. Haka muka saba, har muka ɗauka kowace mota da haka ake lallashinta.

Makanisiyena wani dattijo ne, Alhaji, garajinsa na ƙarƙashin inuwar dogon yaro guda biyu. Tun ina saurayi da mobilet yake yi mini gyara. Ya halarci sunan ƴaƴana, na halarci auren nasa. Mutum ne mai kunne: mota na shigowa, kafin direba ya buɗe baki, ya faɗa masa abin da ke damunta. Shi da yaransa harshe biyu suke yi wa ƙarfe, kamar sauran garajojin garinmu, abin da ɗaya ya kira buji ɗaya ya ce fulogi, domin rabin kayan aikinsu daga Katsina da Kano suke shigowa. Ban taɓa tunanin akwai ciwon mota da zai gagare shi ba.

To, sai dai 406 ba ta da karbiratar, motar injeksiyo ce. Wannan dabara ta girmi yawancin masu tuƙi na yau. Kamfanin Bosch na Jamus ya fitar da injeksiyo mai aiki da lantarki cikin 1967 a kan wata Volkswagen, sa'an nan cikin 1979 ya haɗa rabon isansi da kunna wuta a hannun kwamfuta guda. Daga farkon 1993 dokar hayaƙi ta Turai ta tilasta wa sababbin motocin isansi ɗaukar matatar hayaƙi, wadda ba ta jituwa da karbiratar, sai masu ƙira suka bar shi gaba ɗaya. Mu kuwa da ke sayen abin da Turai ta gama hawa, bayan ƴan shekaru sai muka wayi gari motocin injeksiyo sun cika mana gari. Motoci suka sake, hannuwan da ke gyara su kuwa suna nan da karatunsu na da.

Shekara 11 motar nan ba ta taɓa kunyata ni ba. Cikin watan Maris na 2019, da zafin bazara ya fara kankama, sai ta tsiri wata ɗabi'a. Da safe murzawa ɗaya take tashi. In na yi tafiya mai ɗan nisa na tsaya sayen wani abu, ko na shiga masallaci na fito, sai demarar ya yi ta juya inji da ƙarfinsa, injin kuwa ya ƙi kamawa. In na haƙura na bar ta kamar awa guda, sai ta tashi kamar ba ita ba. Uwargida ta ce ko sammu ne. Na yi dariya, amma a zuci ni ma abin ya ɗaure mini kai.

Na kai wa Alhaji da safe. Ya murza, ta tashi. Ya kashe ya sake murzawa, ta tashi. Ya ce buji ne suka gaji, aka sake su, jikka 8. Bayan kwana huɗu ta maimaita. Na koma, ya ce batiri ne ba ya riƙe wuta, na sayi sabo jikka 45. Bayan mako guda ta tsayar da ni bakin kasuwa. Aka ce injektar sun toshe, aka wanke su aka sake filtar, jikka 12. Daga ƙarshe Alhaji ya ce babu shakka pompon isansi ne ke sanyi in ya ɗau zafi. Aka ɗaga kujerar baya, aka ciro shi daga tanki, aka sa wani na hannu, jikka 35. Jimilla jikka 100, daga aljihun mai jiran fansho. Kwana goma suka wuce lafiya, domin cikin gari kawai nake ɗan zagayawa, na saki jiki na ce an gama.

Cikin watan Afrilu ƙanwata ta kira ni daga Tasawa ta ce jikin Inna ya yi tsanani, an ce a kawo ta babban asibiti. Na yi asubanci na isa da hantsi. Kafin a gama shiri da sallama da dangi rana ta take, motar ta huce sarai, ta tashi ba gardama. Muka kwantar da Inna a kujerar baya, kanta bisa cinyar ƙanwata. Da muka iso Gazawa sai amai ya taso mata. Na ratse gefen hanya na kashe mota, na je neman ruwan sanyi, aka wanke mata fuska aka gyara mata kwanciya. Duka bai fi minti 15 ba. Na shiga na murza makulli. Demarar ya juya, ya juya, shiru.

Wanda ya san zafin Afrilu a ƙasarmu, lokacin da ma'auni ke haura 40, ya san abin da mota a tsaye take zama cikin ƴan mintoci. Dole muka fito da tsohuwa muka shimfiɗa mata tabarma gindin wata bishiya. Jama'a suka taru, Allah shi saka musu da alheri, kowa da maganinsa. Wani ya ce in yi ta taka totur, na taka. Samari shida suka tura ta har suka jiƙe da gumi, ko tari ba ta yi ba. Wani ya cire bututun iska ya watsa isansi, abin da na gane daga baya yana iya tayar da gobara. Ni kuma na yi ta murzawa har sabon batirin ya fara nishi. Ƙanwata ta dube ni ta ce: «Yaya, ko mu nemi motar haya?» Motocin da ke wucewa kuwa duk cike suke maƙil, babu inda za a kwantar da mara lafiya.

Ni ne ɗan fari, Inna ba ta kama sunana. Ta yafito ni da hannu, na durƙusa. Da ƙyar muryarta ke fita ta ce: «Yaro, bar wahal da kanka. In nan aka rubuta, nan ne.» Na koma bayan mota na tsaya inda ba mai ganin fuskata. Bayan awa ɗaya da rabi na sake gwadawa ba tare da wani fata ba, ta tashi a murzawar farko. Ban ƙara kashe ta ba sai ƙofar asibiti. Likita ya ce ruwan jikinta ya ƙare ƙwarai, zafin da ta sha a hanya ya ƙara wa ciwon nauyi. Kwana tara ta yi a gado, Allah ya tashi kafaɗunta. Amma a daren farko, ina zaune a barandar asibiti, na yanke shawara: ko in san ainihin ciwon motar nan, ko in sayar da ita ko da a kuɗɗin ƙarfe.

Na koma garaji na zayyana wa Alhaji duk abin da ya faru. Ya yi shiru, sa'an nan ya nemi ya sassauta da raha ya ce: «Mushe, motarka dai na neman zama mushe.» Ban yi dariya ba. Ya ce abin da ya rage shi ne kalkilatar, wato kwamfutar injin, sai a aika Kano a nemo. Ya faɗi kuɗɗin, na ji jiri. Nan ne wani yaro da ke wanke ƙarafa cikin kwano ya miƙe, ya goge hannu, ya russuna ya ce: «Maigida, in an yarda mini in yi wa Baba tambaya.» Alhaji ya dube shi kamar zai kore shi, sai kuma ya ɗaga masa kai.

Yaron ya bar koleji daga aji na biyu, ya yi shekara biyu wurin wani mai gyaran wutar mota kafin ya zo hannun Alhaji. Tambayoyinsa uku ne. Demarar na juyawa da ƙarfi ko da kasala? Na ce da ƙarfi. Da safe ta taɓa ƙi? Na ce ko sau ɗaya. In ta ƙi, allurar da ke nuna juyin inji a tabulo tana ɗan motsi lokacin da ake murzawa? Na ce ban taɓa dubawa ba. Sai ya ce: «Baba, kullum da safe kake kawo ta, lokacin da take lafiya. Ba mu taɓa ganin ciwon da idonmu ba. Ka je ka zagaya da ita har ta yi zafi sosai, ka dawo nan ka kashe, mu jira ta ƙi.»

Maganar ta sauka mini kamar mari. Shekara 34 ina gaya wa yara su karanta tambaya kafin su fara lissafi, ga shi ni da Alhaji mun ba da amsa huɗu ba mu karanta tambayar ba.

Na bi hanyar Ɗan Isa na dawo, na kashe ta gindin dogon yaro. Muna jira yaron ya bayyana mini abin da ya sa take ƙi bayan tsayawa. Muddin inji na aiki, ruwa na zagaya shi, iskar tafiya na fifita shi. Da an kashe, ruwa ya tsaya, iska ta ɗauke, zafin da ke cikin ƙarfe ya fito ya taru ƙarƙashin kapo, har wurin ya fi zafi cikin mintocin farko fiye da lokacin da ake gudu. Bayan kwata na awa na murza. Ta ƙi. Ban taɓa murnar ganin mota ta ƙi tashi ba sai ran nan.

Daga nan ya bi ta daki-daki, yana faɗa yana nunawa. Ya ce kowane injin isansi abu huɗu yake bukata: iska, isansi, tartsatsin wuta a kan lokaci, da matsi cikin silinda. Motar da ke tashi lafiya da safe tana gudu da ƙarfinta ba ta da matsalar matsi, iska kuwa ga ta nan. Saura biyu. Ya ɗora ma'aunin wuta a kan batiri: bolt 12 da rabi a zaune, da na murza bai sauka ƙasa da 10 ba. Ke nan batiri da demarar sun fita daga zargi. Ya ce in buɗe kontak kawai kada in murza, ya kara kunne a kujerar baya. Muka ji pompo ya yi gurnani na kamar daƙiƙa biyu ya tsaya. Ya ce haka ya kamata, kalkilatar ne ke ba shi umurni ya cika bututu da matsi, wajen bar 3 a irin wagga mota, kafin a tayar. Tun da pompo ya amsa, to fizibil ɗinsa lafiya, rele lafiya, kalkilatar ma yana raye yana ba da umurni.

Sa'an nan ya ciro buji guda ya jingina shi da jikin inji, na murza: babu tartsatsi. Ya cire wayar injektar guda ya sa ƴar fitilar gwaji a bakinta, na murza: ba ta ƙifta ba. Ya ce in dubi allurar tabulo: tana kwance kamar an ɗaure ta. Ya juya wajen Alhaji cikin ladabi ya ce: «Maigida, wuta da isansi sun ɗauke tare. Da wuya abu biyu su mutu lokaci guda su kuma farfaɗo lokaci guda. Mai ba su umurni ne bai san inji na juyawa ba.»

Ga yadda abin yake. A bayan inji, inda yake haɗuwa da akwatin giya, akwai babban faifan ƙarfe mai haƙora. An raba da'irarsa gida 60, aka cire haƙori biyu, saura 58. Bisa kansa an dasa wani ɗan abu da bai fi babban yatsa ba, makanisiyoyi na kiransa kaptar, maganaɗisu ne da aka naɗe da wayar tagulla siririya kamar gashi. Kowane haƙori ya gifta sai ya haifar da ɗan bugun lantarki, giɓin haƙora biyun kuma shi ke shaida wa kalkilatar inda fistan yake. Da wannan ƙirga ne yake sanin lokacin sakin wuta da lokacin fesa isansi. In ƙirgar ta ɗauke, a wurin kalkilatar inji a tsaye yake, ko da demarar zai juya shi har gobe, ko da samarin Gazawa duka za su tura. Bayan shekara 22 na zafi da girgiza, siririyar wayar nan ta tsinke a ciki. In da sanyi bakunan biyu na taɓa juna, in zafi ya buɗa su sai su rabu.

Don ya tabbatar, yaron ya ɗauko buta ya tsiyaya ruwan randa a kan kaptar ɗin kaɗai, a hankali, ya jira minti biyu. Ya ce: «Baba, bisimilla.» Na murza, ta tashi. Yaran garaji suka sa ihu. Shi bai tsaya nan ba. Ya kwance ƙusa guda da ke riƙe da shi, ya ciro shi, ya auna: tsakanin om 300 da 400, daidai. Ya tsoma kansa cikin ruwan da ake tafasawa na shayi, ma'auni na manne da shi. Muna kallo lambobin suka ɓace, alamar hanya ta yanke. Ya huce, suka dawo. Aka sayo wani a kasuwar kayan gyara jikka 7, ya yi masa irin wannan jarrabawa ta ruwan zafi kafin ya ɗaura. Ya kuma gargaɗe ni cewa da na ci gaba da hawa, wata rana a tsakiyar gudu za ta ɗauke, wataƙila ina cikin wuce babbar mota.

Makonnin da suka biyo baya na riƙa zuwa garajin da yamma ina zama kusa da shi, na koma ɗan makaranta. Abin da na tsinta shi ne kowace irin ƙin tashi da alamarta. In an murza aka ji ƙas-ƙas kawai, fitilun tabulo suka dushe, a fara da kawunan batiri da wayar da ke haɗa shi da jikin mota, domin farin gishirin da ke taruwa a wurin ya sa an sayi batura da yawa a banza. In demarar na juyawa amma ba a ji gurnanin pompo ba, a duba fizibil, a duba rele, a kuma danna maɓallin da ke yanke isansi in mota ta yi karo, wanda mugun rami ma kan iya firgita shi. In mota sai an daɗe ana murzawa take kamawa bayan ta kwana, sau da yawa matsin bututu ne ke zurarewa ya koma tanki. A buɗe kontak a rufe sau uku kafin a murza, in ta tashi nan take an gano bakin zaren. In kuwa ana jin warin isansi, buji suka fito baƙi a jiƙe, a tuhumi ɗan kaptar da ke auna zafin ruwa: in ya lalace yakan gaya wa kalkilatar ana sanyin Turai alhali ana bazarar Maraɗi, shi kuwa ya yi ta ambaliyar isansi har inji ya shaƙe. Wasu motocin zamanin suna da akwatin lambobin sirri ko makulli mai ƙwaƙwalwa, in bai gane mai shi ba sai ya hana tashi, komai kuwa lafiya.

Na kuma koyi abubuwan da ya kamata a bari. Taka totur kafin tayarwa al'adar karbiratar ce, a motar injeksiyo ba ya fesa ko ɗigo. Turawa ba ta amfani in batiri ya mutu sarai, domin pompo da kalkilatar da wuta suke aiki. Kada a murza fiye da daƙiƙa 10 a jere ba a bar demarar ya huta ba. Kada a yarda wani ya cire kan batiri inji na aiki wai don gwada alternatar. 504 na haƙuri da wannan, amma wutar da ke tashi a lokacin tana iya ƙone kalkilatar. Ma'auni ya isa: inji na aiki, a ga wajen bolt 14. Kada a wanke inji da ruwa mai matsi. Kada a saba tafiya da tanki a bushe, domin isansin da pompo ke ciki shi ke sanyaya shi. Wanda kuma larura ta sa ya sha na kwalba wurin ƴan ruwa-ruwa, ya sa a tace masa da ƙyalle, ya riƙa sake filtar a kan kari, saboda ramukan injektar ƙanana ne ƙwarai, ƙurar da karbiratar zai haɗiye su tana shaƙe su.

Na tambaye shi game da na'urar nan da ake soka wa mota ta faɗi ciwonta. Ya ce tana da amfani, amma dokar da ta sa motocin isansi na Turai su yi magana da harshe guda ta fara aiki ne cikin 2001, tawa ta girme ta, ba kowace na'ura ke jin yarenta ba. Ya ƙara da cewa ko a sababbin motoci na'urar unguwa take nunawa, mutum ne zai nemo gidan.

Saura maganar Alhaji. Ran da aka gano ciwon bai ce uffan ba har na tafi. Washegari da magariba sai ga shi ƙofar gidana, da tsohon pompona cikin leda. Ya ce: «Mushe, wannan lafiyarsa lau, na gwada. Na sa ka kashe kuɗɗi ban warkar da kai ba, kuma tsohuwa ta sha rana saboda ni. Ka yafe mini.» Na ce masa laifin namu ne mu biyu, kuma har zuciyata nake nufi. Ni ne kowane zuwa nake matsa masa a sake wani abu yau yau, ina da uzuri. Da ya ce in bar masa motar yini guda ya yi bincike in biya shi jikka 5 ladan binciken, da na ga kamar ya cuce ni. Amma da ya miƙo mini ƙarfe na jikka 35 sai na biya ina godiya. Haka akasarinmu muke. Muna biyan ƙarfe da daɗin rai, muna ƙyashin biyan tunani, sa'an nan mu koma majalisa muna cewa makanisiyoyi ba su da amana. Wanda aka saba ba a biyan shi sai ya kwance wani abu, dole ya koyi kwancewa kafin dubawa.

Alhaji ya nuna shi babba ne. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba, amma shi da bakinsa ya ce mini wanga karo yaron ne ya hango, kuma gemu ba ya hana ilimi. Ya sayi ma'aunin wuta na kansa, ya ware wa yaron rumfa da teburi, duk motar injeksiyo da ta shigo da ciwon tashi sai ta fara bi ta can. Shi kuma yaron bai ɗaga kai ba, domin in maganar ƙarar inji ce, ko giya, ko ƙafafun mota, har yanzu wurin kunnen Maigida yake komawa. Ni ma na gyara hali. Ina biyan ladan bincike dabam, ko da ba a sake ko ƙusa ba.

Da Inna ta warware na mayar da ita Tasawa. Muna isowa Gazawa na ratse daidai bishiyar nan na kashe mota. Ƙanwata ta zaro ido ta ce: «Yaya, lafiya?» Na ce salla zan yi. Na yi alwala a natse, na yi azahar, na gaisa da mai shagon da ya ba mu tabarma ran nan, na cika minti ashirin cif. Na shiga na yi bisimilla na murza, ta tashi. Inna daga baya ta ce: «Ashe ta ji magani.» Na ce ta ji, Inna.

Motar na nan hannuna har yau, shekarunta na neman talatin. Cikin akwatin bayanta akwai ƴar jaka da ba ta rabuwa da ita: fizibil, rele guda, kaptar guda da aka riga aka gwada, makullin ƙusa mai lamba 10, da ƙaramin ma'aunin wuta da na koyi karantawa da furfurata. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda duk motarsa ta fara irin wagga ɗabi'a, shawarata gare shi ya lura da lokacin da take ƙi, da sanyi ko da zafi, ya saurari pompo, ya dubi allura, ya kai ta garaji tana cikin ciwon, ya kuma haƙura a bincika kafin ya zaro kuɗɗin sayen ƙarfe. Allah shi kiyaye mu da tsayuwar hanya, shi ba marasa lafiyarmu sauƙi, shi sa albarka ga masu sana'a manya da yara. Amin.